Reshen 40 ya zauna, na 60 ya ƙi: laifin manhaja ne ko na lissafi?

Ɗalibin Mekanikal: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zana layin bututu na wata na'urar busar da hatsi, aikin kammala karatu ne. Akwai gwiwa mai faɗin milimita 60, ina so in dasa mata reshe miƙaƙƙe a bayanta, daidai tsakiyar lanƙwasar. In na sa reshen 40, haɗin na fita tsaf. Da zarar na mayar da shi 60, daidai da gwiwar, sai manhajar ta yi ta juyi, ƙarshe ko ta ce ta kasa, ko ta ba ni abu mai ɓatacciyar fuska, ana hango cikin bututun ta gefe. Lambar nan ɗaya kawai na sauya. Gwiwar fayil ce da na sauko da ita daga intanet, manhajar kuma ta kyauta ce.

Oga CAD: Wa alaikumus salam. Ai ka ba kanka amsa a ƙarshen maganarka. Araha ba ta ado. Nemi lasisin ɗalibai na ɗaya daga cikin manyan manhajojin ka huta.

Malamar Lissafi: Injiniya, a yi haƙuri, kuɗi ba sa sauya lissafi. Ƙanena, ɗauki ƙwallo mai faɗin 60 a ranka, ka ajiye cibiyarsa inda tsakiyar reshen ta gamu da tsakiyar gwiwar. Ƙwallon nan ya cika gwiwar dam, yana taɓa bangonta a kan da'ira guda. Ya cika reshen ma dam, a kan wata da'irar daban. Manyan da'irori biyu a jikin ƙwallo ɗaya kuwa dole su gamu a wuri biyu. To a waɗannan wurare biyu bangon gwiwa da bangon reshe ba su ratsa juna ba, shafar juna suka yi. Da reshen 40 babu irin wannan wuri ko ɗaya, ko'ina bango na huda bango da kusurwa mai kyau.

Ɗalibin Mekanikal: Na gane batun shafar, Malama. Amma me ya sa shafa za ta rikita kwamfuta? Ni da idona ina ganin inda layin ya kamata ya bi.

Ɗan Kod: Don ita ba ta da ido, lalube take yi. Bari in faɗa maka yadda abin yake a ciki. Kowace fuska mai lanƙwasa ana riƙe ta da lambobi biyu, a ce u da v. Ka ba da su, a ba ka ɗigo a sarari. Fuska ta biyu ma tana da nata biyun, s da t. Neman mahaɗa shi ne neman inda ɗigon wannan ya zama ɗigon waccan. Ikweshan uku ke nan, na x da y da z, amma abin nema huɗu. Ɗayan da ya yi rara shi ya sa amsar ta zama layi ba ɗigo ba.

Hanyar da aka fi amfani da ita ita ce bin sawu. A sami ɗigo ɗaya a kan layin, a tambaya ina ya nufa, a yi taku kaɗan, sannan a yi amfani da dabarar Newton a jawo ƙafa ta dawo kan layin, a sake tambaya. Kamar mai bin sawun shanu da tocila da daddare, abin da ke gaban ƙafarsa kawai yake gani.

Ina ya nufa ɗin nan shi ne matsalarka. Kowace fuska tana da kibiya da ke tsaye cak a kanta a kowane ɗigo. Layin mahaɗa yana kwance a jikin fuskokin biyu, don haka dole ya gitta wa kibiyoyin biyu duka. In kibiyoyin sun kalli wurare daban-daban, hanya ɗaya ce tak ta cika wannan sharaɗi, wani lissafi da ake kira ninkin giciye na kibiyoyin zai ba ka ita. In fuskokin sun shafi juna, kibiyoyin sun zama ɗaya, ninkin ya ba da sifili. Babu hanya. Kuma a gaskiya a wurin nan layi biyu ne suka gitta juna, hanyoyi huɗu suka fita daga ɗigo ɗaya. Manhajar na iya tsayawa, tana iya tsallakawa ta kama wani reshen layin ba wanda take bi ba. In ta kama ba daidai ba, sai ta yanke fuskar a inda bai kamata ba ta jefar da rabin da ya kamata ta ajiye. Ramin da kake hangowa ke nan.

Baba Mai Walda: Ni fa ina karantawa ina dariya. Yaro, abin da ya gagari kwamfutarka shi ne mafi sauƙi a shagona. In bututu biyu miƙaƙƙu faɗinsu ɗaya, ba na ko neman kwali. Yanka biyu ne a miƙe, kowanne a kan digiri 45, su haɗu su ba ka kunnuwa biyu masu tsini, ka ɗora ya zauna. Wanda ke ba mu aiki shi ne ƙarami a kan babba. Shi sai an naɗa kwali, an raba, an zana da alli, an bi da giranda.

Malamar Lissafi: Baba, Allah ya ƙara girma, kun taɓo wurin da nake so. Abin da kuka faɗa daidai yake a lissafi. Silinda biyu da suka ratsa juna, layin mahaɗarsu mai daraja 4 ne (daraja ita ce ƙarfin ninki mafi girma a cikin ikweshan ɗin abu), domin kowace silinda darajarta 2, kuma ƙa'idar Bézout ta ce a ninka. In faɗinsu ɗaya kuma tsakiyarsu ta gamu, layin nan mai daraja 4 sai ya tsage gida biyu, ya zama zagaye biyu masu siffar ƙwai, kowanne a kwance a kan shimfiɗa miƙaƙƙiya. Shi ya sa zarto ke iya yanka shi a miƙe. Tsinin kunnen da kuke gani shi ne daidai ɗigon da kwamfuta ke ruɗewa a kansa.

Na 40 a kan 60 kuwa, wanda manhaja ta yi ba gardama, shi ne wanda ba za ta taɓa iya rubuta shi daidai ba. Manhajojin nan da NURBS suke ajiye lanƙwasa, wato rabon folinomiyal da folinomiyal. Layin da ake iya rubutawa haka sai wanda jinos ɗinsa, wato wata lamba da ke auna sarƙaƙiyar layi, sifili ne. Na silinda biyu masu bambancin faɗi jinos ɗinsa 1, akwai tushen murabba'i a cikinsa da ba ya fita ko ta yaya aka juya. Abin da ka gani ya fita tsaf, ƙanena, kwatankwaci ne da ya matso kusa har ido ba ya rabewa.

Ɗan Damagaram: Mu a nan hanyar kwalin Baba ce aka koya mana a takarda, a darasin zanen fasaha. A raba da'irar ƙaramin bututu gida 12, a ja layi daga kowane rabo zuwa hoton gefe, inda ya taɓa babban bututu a sa ɗigo, a haɗa ɗigogin da hannu. Asalinta ilimin Gaspard Monge ne na Faransa, tun ƙarshen ƙarni na 18. Abin lura shi ne a ɗigon tsinin nan ɗalibi ba ya ruɗewa, don ya riga ya san siffar da yake nema kafin ya ɗora fensir.

Oga CAD: Duk na ji. Amma ku gaya mini, me ya sa nake haɗa bututu masu faɗi ɗaya kullum a wurin aiki ba ta taɓa ce mini uffan ba?

Ɗan Kod: Saboda kai kake zana su, Oga. In ka zana silinda, injin lissafin da ke ƙarƙashin manhajar ya san silinda ce: ga tsakiyarta, ga faɗinta. Ya ga silinda biyu, ya duba faɗi ɗaya ne, tsakiya ta gamu, sai ya ɗauko amsar da aka riga aka rubuta masa, ba ya bin sawu ko kaɗan. Shi kuwa ɗalibinmu abu biyu ne suka haɗu masa. Na farko gwiwa ba silinda ba ce, yankin zobe ce, darajarta 4, mahaɗarta da silinda ta kai daraja 8, kuma ba ta tsagewa ta zama zagaye biyu masu sauƙi. Na biyu, gwiwar sauko da ita ya yi. Sau da yawa fayil in ya bi ta hannu biyu uku, zoben ya riga ya koma facin NURBS, wato guntun fuska mai lanƙwasa kawai, ba wanda ya san zobe ne kuma. Faɗinta wani wuri 60.0003, wani wuri 59.9998. Yanzu ba shafa ce sosai ba, ba ratsawa ce sosai ba. Wannan ya fi shafa ta gaskiya muni.

Oga CAD: To ai shi ne na ce a sayi mai kyau.

Ɗan Kod: Injinan nan ba su da yawa fa. Parasolid na Siemens shi ke ƙarƙashin SolidWorks da NX da Solid Edge da Onshape. ACIS na hannun Dassault. Open CASCADE shi ne buɗaɗɗe, tun 1999. Ban musa ba, masu tsadar sun tara shekaru ana toshe musu ramuka ɗaya bayan ɗaya, sun fi jure wahala. Amma duka da tolarans suke aiki, wato tazarar da in ɗigo biyu suka kusanci juna ƙasa da ita sai a ce ɗaya ne. Parasolid na ɗaukar kashi ɗaya cikin miliyan 100 na mita, shi ya sa ma ya taƙaita duniyarsa a akwati mai faɗin kilomita ɗaya. Open CASCADE na ɗaukar 0.0000001. Dalili kuwa lambar kwamfuta ba ta wuce gurbi 15 zuwa 16 na gaskiya. Buɗe yaren kwamfuta na Python ka tara 0.1 da 0.2, za ta ba ka 0.30000000000000004. Kuma SolidWorks ɗin ma yana da sanannen saƙonsa na ƙin yin aiki in sakamakon zai bar wuri mai kaurin sifili. Duk wanda ya daɗe da shi ya san saƙon.

Malamar Lissafi: In ƙara a kan na Ɗan Kod, don Injiniya ya ga girman abin. Facin da aka fi amfani da shi a jikin mota da jirgi shi ne mai daraja 3 ta kowane ɓangare, irin wanda Pierre Bézier ya yi aiki da shi a Renault, Paul de Casteljau kuma a Citroën tun 1959. Faci ɗaya irin wannan, in ka mayar da shi ikweshan guda na x da y da z, darajarsa 18. Biyu suka ratsa juna, 18 sau 18, layi mai daraja 324. Katz da Sederberg sun lissafa jinos ɗinsa a 1988, ya kai 433. Ka tuna sifili ake bukata kafin NURBS ta riƙe shi daidai. Ba kamfanin da zai sayar maka da maganin wannan.

Hajiya Akitek: Ni tambayata ta gefe ce. To in ba a iya rubuta layin daidai, me ke cikin fayil ɗin da nake aika wa mutane?

Ɗan Kod: Kwafi uku na layi ɗaya, Hajiya, kuma ba wanda ya yi daidai da ɗan uwansa. Ɗaya a sarari, ɗaya a kan u da v na fuska ta farko, ɗaya a kan s da t na ta biyu. Fuskokin ba a yanka su da gaske, suna nan cikakku, layin ne ke cewa daga nan zuwa can kar a nuna. Tsakanin kwafin ukun akwai 'yar kafa. Manhajar da ta yi su ta san da kafar, ta yafe. Ki fitar da fayil ɗin a STEP, tsarin musayar zane tsakanin manhajoji, ki ba wata mai tolarans mafi tsauri, sai ta ce wannan ba rufaffen abu ba ne, gefuna ba su haɗu ba. Wani bincike da aka yi wa hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, a 1999 ya ƙiyasta cewa rashin jituwar fayiloli na ci wa masana'antar motocin ƙasar aƙalla dala biliyan ɗaya a shekara, mafi yawa wajen gyara ko sake zana abin da aka riga aka zana.

Hajiya Akitek: Ikon Allah. Ashe shi ya sa.

Ɗalibin Mekanikal: Na gode ƙwarai, na ƙaru. Amma malamina zane yake jira ba tarihi ba 😅 Me zan yi?

Oga CAD: Mayar da reshen 59.8 ka wuce. Ba wanda zai auna.

Malamar Lissafi: Zai iya fita, don tazarar ta fi tolarans nesa ba kusa ba. Amma zanen da zai kai shago zai ce 59.8, kuma zai bar wani siririn wuya a wurin da tsinin yake, wanda zai dame shi in ya zo zagaye gefen ko yin raga don gwajin iska. Ni ban so.

Ɗan Kod: Fara da jefar da gwiwar da ka sauko da ita. Zana da'ira ka juya ta a kan layi, minti biyu ne, ka sami zobe na gaskiya. Sannan kar ka haɗa bututu masu rami. Bangon ciki ma faɗinsa ɗaya ne, shi ma yana shafar ɗan uwansa, ka ninka wa kanka matsala. Haɗa su a toshe tukuna, ka haɗa ramukan daban, ka cire na biyu daga na farko. Ka tabbata reshen ya shige har tsakiyar gwiwar, kar bakinsa ya tsaya daidai kan bango. In ta ƙi duk da haka, raba gwiwar gida biyu da shimfiɗar da ta bi ta ɗigon shafar nan biyu, don su faɗo a kan gefe. Bin sawu daga gefe yake farawa, a gefe yake ƙarewa, ba sai ya ratsa ta wurin da ba shi da hanya ba. Wani lokaci ma juya silindar kaɗan a kan tsakiyarta na wadatarwa, don ɗinkin da ke jikinta ya kauce.

Baba Mai Walda: Ko kuma ka tambayi kanka ko na'urar na bukatar reshen 60 ɗin. Mu in za mu dasa ƙafa a bayan gwiwa, ƙarami muke sawa, ya fi zama, ya fi sauƙin cikawa.

Ɗalibin Mekanikal: Na sake zana gwiwar, na haɗa a toshe, na cire ramin daga baya. Ta fita. Ban kai ga rabawa ba. Baba, iskar ce ke bukatar 60 ɗin, an riga an lissafa.

Mai Firinta: Ni duk wannan wahalar ban ga dalilinta ba. Ku mayar da komai ragar alwatika. Alwatika biyu in sun ratsa juna miƙaƙƙen layi ne, babu daraja 324. Manhajar Blender ta kawo hanyar haɗi da lissafi marar kuskuren gurbi tun siga ta 2.91 a 2020. Ni da ita nake aiki.

Oga CAD: A nan kam ina tare da su Malama. Da'ira mai faɗin 60 in ka yi ta da gefe 64, tsakiyar kowane gefe ta kauce wa da'irar gaskiya da kusan milimita 0.036. A firintarka ta 3D mai bakin milimita 0.4 ba a gani. Kai wa mai injin CNC, injin sassaƙa ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, mazaunin boris da wannan ka ji abin da zai gaya maka. Kuma gobe in aka ce mayar da 60 ta koma 65, ina lambar take? Ta narke cikin alwatika dubu.

Mai Firinta: A ƙara yawan gefen mana.

Ɗan Kod: Sai fayil ya kumbura, kuma a wurin shafar za ka sami alwatika sirara kamar gashi suna shiga suna fita. Lissafin ba zai faɗi ba, gaskiya ne, amma amsar da ya bayar daidai ce ga ragar, ba ga bututun ba. Masu hoto dai sun daɗe da gano mafita: ba sa lissafa mahaɗar sam. Butar shayin nan da Martin Newell ya zana a Jami'ar Utah a 1975, wadda ake gwada hoton kwamfuta da ita har yau, bakinta cusa shi kawai aka yi cikin jikinta. Ido ba ya ganin ciki, shi ke nan.

Malamar Lissafi: Akwai wadda ta fi shafa ban tsoro ma, don ita shiru take yi. Fuska biyu masu lanƙwasa kaɗan, ɗaya ta ɗan leƙo ta cikin ɗaya a tsakiya, mahaɗar ta zama ƙaramin zagaye rufaffe da bai taɓa gefe ba. Mai bin sawu ba shi da inda zai fara, sai ya ce ba su haɗu ba, ba saƙon kuskure ba komai. Maganin shi ne a yi ta raba facin gida huɗu huɗu, kowane yanki a sa shi a akwati, akwatunan da ba su taɓa juna ba a watsar. Amma yaushe za a daina rabawa? Sederberg da Meyers sun ba da ma'auni a 1988. A bakin zagayen tazarar fuskokin sifili ce, a ciki ta ƙaru, to dole akwai inda ta kai ƙololuwa, a can kuma layi ɗaya ne ke tsaye cak a kan fuskokin biyu. In ka raba har ka tabbata babu irin wannan layi a yankin, babu zagayen da ya ɓuya.

Baba Mai Walda: Malama, tunda lissafi ya zo, ba ni lambobin kwali na 40 a kan 60 in gwada da nawa.

Malamar Lissafi: To Baba. Kewayen bututun 40 milimita 125.7 ne, a raba gida 12, kowane rabo kusan 10.5. Daga layin farawa, tsawon da za a ƙara: 0, sai 1.7, sai 5.5, sai 7.6 a kunne, sannan a sauko 5.5, 1.7, 0, a maimaita a ɗaya rabin.

Baba Mai Walda: Wannan na bayan bututu ne, 'yata. Ƙarfe yana da kauri. In na yanka a kan 7.6, leɓen ciki ne zai fara dukan babban bututun, kunnuwan su hau, tsakiya ta bar kafa. Da faɗin ciki muke fitar da zurfin, da na waje muke naɗa kwalin. Kaurin nawa 2 ne.

Malamar Lissafi: Da kauri 2, rabin faɗin ciki 18 ke nan. Murabba'in 30 a cire murabba'in 18, saura 576, tushensa 24, a cire shi daga 30, kunne ya zama 6 cif. Sauran: 0, 1.4, 4.4, 6. Rabon kwalin yana nan a 10.5.

Baba Mai Walda: Yauwa. Shida nake samu. Ɗan buɗin da ya rage ta waje nan walda ke kwanciya.